Takardar EPC kafin ba da haya ko sayar da gida a Ingila: amsa ga Hajiya mai gida a Birmingham

Wata Hajiya da ke zaune a Birmingham ta aiko mini da tambaya. Iyalinta za su koma gida mafi girma, tsohon gidan nasu kuma, irin jerarrun gidajen jan bulo da aka gina kafin yaƙin duniya na farko, tana tunanin ko ta sa 'yan haya ko ta sayar. Dillali ya ce mata ba zai tallata gidan ba sai da takardar EPC, wato takardar da ke nuna yadda gida yake riƙe ɗumi da cin makamashi, da harafi daga A mafi kyau zuwa G mafi muni, wadda take da ita kuwa ta 2013 ce, ta daina aiki, kuma F aka rubuta a jiki. Hajiya ta ce abin ya ɗaure mata kai, don ita ba mai ɓarnar wuta ba ce, kuɗin gas da lantarki da take biya bai taka kara ya karya ba. Sannan wani ya ce mata ya san mai yin takardar da araha, ko gidan ba sai ya zo ba. Tana son sanin ko takardar dole ce, da abin da ya kamata ta yi.

Hajiya, ina gaisuwa, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Aikina ke nan, shiga gidaje ina auna su ina fitar da wannan takarda, saboda haka zan gaya miki yadda abin yake a Ingila da Wales. Dole ce. Ko sayarwa ko haya, doka ta ce kafin a sa gida a kasuwa sai an riga an ba mai aunawa aikin, a yi iya ƙoƙari takardar ta fito cikin kwana 7, in ta ci tura a ƙara kwana 21. Harafin da gidan ya samu sai ya fito a jikin tallar, kuma mai saye ko ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi takardar kyauta. Wanda ya ƙi, tarar fam 200 ce a kan gidan zama. Takardar shekara 10 take yi, shi ya sa taki ta ƙare a 2023. Da kina zaune abinki a ciki babu mai tambayarki sabuwa. Ranar da kika ce za ki sayar ko ki sa sabon ɗan haya, ranar ta wajaba. Tsarin ya faro ne daga wata dokar Tarayyar Turai ta 2002, ya fara aiki a nan a 2007 ga gidajen sayarwa, aka haɗa da na haya a watan Oktoban 2008, kuma fitar Birtaniya daga Tarayyar bai taɓa shi ba.

Bari in tsaya a kan abin da ya fi ɗaure miki kai, don a nan kusan kowa yake tuntuɓe. Takardar ba ta auna ke, ba ta auna tattalinki. Ginin take aunawa. Ni in na shigo gidanki ba na neman ganin takardun kuɗin wutarki, ko kin miƙo mini ba su da gurbi a lissafin. Manhajar da muke amfani da ita, wadda ake kira RdSAP, tana ƙaddara cewa wani iyali ne matsakaici ke zaune a gidan, suna ɗumama falo zuwa digiri 21, sauran ɗakuna zuwa 18, na wasu sa'o'i ƙayyadaddu kullum. Sai ta lissafa nawa za su kashe wajen ɗumama gida da ruwan zafi da fitilu, gwargwadon faɗin gidan. Firij da talabijin da na'urar wanki ba sa ciki. Daga nan maki yake fitowa: 92 zuwa sama A ne, 81 zuwa 91 B, 69 zuwa 80 C, 55 zuwa 68 D, 39 zuwa 54 E, 21 zuwa 38 F, abin da ya yi ƙasa da haka G. A jikin takardar an rubuta cewa matsakaicin gida a Ingila da Wales D ne, maki 60.

Ki ɗauki randa biyu, ɗaya lafiyayya, ɗaya ta tsage tana tsiyaya. Mai randar da ta tsage za ta iya cewa ita ruwa kaɗan take saye, kuma gaskiya ta faɗa, don ta koyi zuba rabi, ta koyi haƙuri da ƙishi. Amma randar tana nan a tsage, kuma duk wanda ta ara wa zai gane a ranar farko. Na san gidajenmu a nan. Ana kunna ɗumi a falo kaɗai, a rufe ƙofa, yara su sa rigar sanyi biyu, a kashe boila, wato tukunyar ɗumama gida, da ƙarfe tara na dare kowa ya shige bargo. Kuɗin wuta ya yi sauƙi, amma da jikinku kuka biya ragowar. Ɗan hayan da zai shigo da jariri ko da tsohuwa mai ciwon ƙafa ba zai iya wannan haƙurin ba, kuma shi takardar take yi wa bayani.

Me ya sa gida irin naki ya faɗa F? Bango ne farko. Gidajen da aka gina kafin wajajen 1920 yawanci bangonsu bulo ne cunkus, babu rata a tsakiya. Daga baya aka koma yin bango biyu da rata a tsakaninsu, wadda ake iya hura mata abin tare ɗumi ta 'yan ƙananan huji. Ke ma za ki iya ganewa in kika tsaya a ƙofar gida kika dubi jerin bulon. In duk a kwance suke ta tsawonsu, akwai alamar bangon yana da rata. In kuwa kika ga dogo, sai gajere, sai dogo, ko kuma jeri guda na gajeru bayan 'yan layuka, to gajerun nan bulo ne da aka gitta ya ratsa kaurin bangon, kuma bangon cunkus ne. Irinsa yana sakin ɗumi kusan ninki biyu na mai rata. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin soro ya kuma kwana a ɗakin kwano a watan Afrilu ya san gini da gini ba ɗaya ba ne. Can zafi ake hana shiga, nan kuma hana shi fita ake yi. Bayan bango sai rufi, wanda in ba a shimfiɗa masa komai a saman silin ba, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ɗumin gida ta nan yake tserewa. Sai tsohuwar boila, sai tagogi masu gilashi ɗaya, sai ƙwayayen fitila irin na da.

Akwai wani abu da masu gida ba sa tsammani. Tunda makin a kan kuɗi aka gina shi, irin makamashin da ake ɗumama gida da shi yana da nauyi ƙwarai. Lantarki a nan ya kusan ninka gas sau huɗu a farashi in aka kwatanta ma'auni da ma'auni. Na sha shiga gidan da mai shi ya cire boilar gas ya manna hita ta lantarki a kowane ɗaki, sababbi fil, farare tas, yana jiran yabo, sai takarda ta fito ƙasa da yadda take a da. In wani ya zo miki da shawarar haka don gudun ɗawainiyar duba gas duk shekara, kada ki yarda kafin mai aunawa ya gwada miki a manhaja ya nuna miki inda makin zai faɗa.

Yanzu ga bambancin sayarwa da haya, kuma babba ne. In sayarwa za ki yi, babu harafin da doka ta gindaya. Gida mai G ma ana sayar da shi, takardar dai ta kasance. Sai dai mai saye yana karantawa, musamman wanda shi ma haya zai sa, kuma zai cire kuɗin gyaran daga tayinsa. In haya ce, tun 1 ga Afrilun 2018 an hana ƙulla sabuwar yarjejeniya a gida mai F ko G, daga 1 ga Afrilun 2020 kuma hanin ya hau kan waɗanda suke ciki tun da. E ne mafi ƙaranci. Ƙaramar hukumar yankinki ce ke bibiya, tarar tana iya kaiwa fam 5,000 a kan gida ɗaya, kuma suna iya wallafa laifin a rajistar da kowa ke iya dubawa.

Dokar ta sa iyaka ga abin da za a tilasta wa mai gida ya kashe: fam 3,500, har da harajin kaya. In kika kashe wannan a gyare-gyaren da takardar ta ba da shawara amma gidan bai kai E ba, sai ki yi rajistar uzuri a shafin gwamnati, na shekara 5. Haka nan in mafi arhar gyaran ya haura wannan kuɗin, amma sai kin kawo farashi daga masu aiki uku. Akwai uzurin wanda ɗan haya ko mai filin ya hana shi yin aikin, da na wanda ƙwararre ya shaida cewa gyaran zai rage darajar gidan da fiye da kashi 5 cikin ɗari. Uzuri ba ya hawa kansa, sai an yi rajistarsa da hujjoji, kuma ba ya bin gida in an sayar. Na faɗa miki ne don ki sani, amma ba na jin za ki buƙace shi, kuma ba zan ba ki shawarar nemansa ba.

Dalilina shi ne F ɗin nan ta 2013 hoton gidan ne na wancan lokacin. Shekara goma sha wani abu ba kwana biyu ba ne. In kin canza boila tun daga nan, to kusan tabbas irin mai sake tatsar zafin hayaƙinta aka sa miki, don tun Afrilun 2005 ita doka ta ce a riƙa sawa, kuma tana mayar da wajen kashi 90 cikin ɗari na gas ɗin da ta ci ya zama ɗumi. In kin sa tagogi masu gilashi biyu, in an shimfiɗa audugar gilashi a saman silin, in fitilun sun koma LED, duk wannan sabuwar takarda za ta ƙirga. Gidaje da yawa irin naki suna hawa E ko D da waɗannan kaɗai.

Sharaɗin ɗaya ne, kuma shi nake so ki riƙe da kyau: abin da mai aunawa bai gani ba, ko bai ga shaidarsa a rubuce ba, ba zai rubuta ba. Ba ma fasa bango, ba ma ɗaga dabe. Inda ba mu gani ba, manhajar tana ƙaddarawa bisa shekarun ginin, kuma ga gidan da ya haura shekara ɗari abin da take ƙaddarawa shi ne babu komai. Na taɓa zuwa wani gida a irin layinku, dattijon ya rantse mini cewa an shimfiɗa abin tare ɗumi a rufi, ya ma tuna ranar da aka yi. Na yarda da shi har zuciyata. Amma murfin hawa saman silin yana can bayan wata ƙatuwar wadrob, an kuma shafe shi da fenti ya manne, takardar aikin kuwa ta ɓata a ƙaura. Na ce masa ba zan rubuta abin da ban gani ba, ransa ya ɓaci. Bayan kwana uku ɗansa ya ture wadrob ɗin, ya bi gefen murfin da wuƙa, na dawo na hau tsani na cusa ma'auni cikin audugar, na ɗauki hoto. Kaurinta ya kai yadda ake so. Gidan da zai fito E ya fito D, ba a kashe ko kwabo a gyara ba.

Saboda haka kafin ki kira kowa, ki buɗe wannan murfin ki sa a leƙa. Milimita 270 ake so, wato kusan tsawon ƙafa guda. In ta yi ƙasa da haka, ko an danne ta da akwatuna da katifu har ta kwanta, a ƙara. A cikin duk gyare-gyaren babu mai arha da amfani kamarsa. Ki nemo takardar boila, da takardar FENSA, wato shaidar an sa tagogi bisa ƙa'ida, in akwai, da rasit na duk wani aikin da aka rufe shi da filasta. Ki canza ragowar tsofaffin ƙwayaye. Ki tabbatar akwai abin saita zafi a bango, da agogon kunna boila da kashe ta, da 'yan kawunan nan masu lamba da ake murɗawa a jikin radiyeta. In kina da tankin ruwan zafi, a sa masa riga mai kauri. Tun watan Yunin 2025 da aka sauya manhajar, kowace taga sai mun auna ta ɗaya bayan ɗaya, don haka a buɗe dukkan ɗakuna, a ba mu hanya zuwa mita. Ziyarar kan ɗauki rabin sa'a zuwa sa'a guda, kuɗin kuma yawanci tsakanin fam 60 zuwa 120 ne. Ba dole ba ne ki bi ta hannun dillali, wanda sau da yawa yakan ɗora nasa a kai. A shafin gov.uk akwai jerin masu lasisi, ki sa lambar unguwarki za ki ga na kusa. A nan ne kuma za ki ga takardun maƙwabtanki kyauta. Ki duba su, don gidajen layi ɗaya ginin mutum ɗaya ne, in na kusa da ke ya kai C za ki ga da me ya kai.

Maganar mai yi ba tare da ya zo ba, Hajiya, ki rabu da ita. Takardar tsohon gida sai an taka ƙafa an shiga. Kowannenmu yana ƙarƙashin wata hukumar tantancewa, irin su Elmhurst da Quidos, waɗanda kan ɗauki wasu daga cikin ayyukanmu su bincika, su nemi hotuna da zanen awo. Wanda bai zo ba, ko dai ya ƙirƙiri bayanan, ko ya kwafi tsohuwar takarda, wato ya mayar miki da F ɗinki kina ji kina gani bayan duk kuɗin da kika kashe. In ya ƙirƙira aka gano, takardar za a soke, kuma ke ce mai gida, ke ƙaramar hukuma za ta nema. Ko da ba a gano ba, kin miƙa wa bawan Allah takarda tana cewa gida yana riƙe ɗumi alhali ba ya riƙewa, ya yi lissafin albashinsa a kanta. Wannan algus ne, kamar wanda ya jiƙa hatsi kafin ya auna.

Ina faɗin haka da zafi ne saboda abin da idona yake gani a watan Janairu. Na shiga gidan haya na tarar da uwa ta jera tawul a gindin taga yana shan ruwan da ke gangarowa daga gilashi, baƙar fumfuna ta cinye kusurwar ɗaki daidai kan gadon yaro, ita kuma tana leƙa mitar kati tana lissafin ko fam biyar ɗin da ta rage za ta kai su Juma'a. Gida mai sanyi shi ke tara laima, laima ta haifi fumfuna, fumfuna ta kama ƙirjin yara. A Disambar 2020 wani yaro ɗan shekara biyu ya rasu a garin Rochdale da ke kusa da Manchester, bincike kuma ya tabbatar fumfunar gidan da suke haya ce sanadi. Mai gida ne ke zaɓar boila da bango da taga, ɗan haya ne ke biyan kuɗin wuta duk wata. Wanda yake da ikon gyarawa ba shi yake jin sanyin ba, kuma don toshe wannan giɓin aka kafa dokar.

Shi ya sa shawarata kada ki tsaya a E. An taɓa shirin ɗaga mafi ƙarancin zuwa C, Firayim Minista na lokacin Rishi Sunak ya jingine shirin a Satumbar 2023, gwamnatin da ta hau a 2024 kuma ta dawo da shi, ta ce zuwa 2030 take so gidajen haya su kai C. Faransa ma hanyar ta bi: tun Janairun 2025 ta hana sabuwar haya a gida mai G, F zai biyo a 2028, E a 2034. Yanzu da gidan zai zama babu kowa a ciki, lokacin yin aiki mai ƙura ke nan. Da zarar mutane sun tare, ko ɗaga kafet sai an yi ta lallashi.

Wuri ɗaya ne zan ce ki taka a hankali, wato rufe bangon cunkus da allunan tare ɗumi, ta ciki ko ta waje. Takardar za ta sa shi cikin shawarwari, kuma yana ɗaga maki sosai, amma aikin dubban fam ne, kuma tsohon bulo yana bukatar ya riƙa fitar da danshinsa. In aka lulluɓe shi ba bisa ƙa'ida ba, ba tare da an gyara hanyar shigar iska ba, ruwa yana maƙalewa a ciki, fumfunar da ake gudu ita za ta fito. A Oktoban 2025 ofishin binciken kuɗin gwamnati ya fitar da rahoton cewa mafi yawan irin wannan aiki da aka yi ta wajen bango a ƙarƙashin wasu shirye-shiryen tallafi yana bukatar a sake gyara shi. Shawarwarin da ke bayan takardar manhaja ce ta jero su, ba ta san ko magudanar rufinki tana yoyo a jikin bango ba. Kafin ki taɓa bango, ki kawo ƙwararren da ya san tsofaffin gine-gine ya duba, ki kuma nemi mai aiki da ke da rajistar TrustMark, wato shaidar inganci da gwamnati ta amince da ita, da garanti a rubuce.

Takardar EPC ba ta maye gurbin ta lafiyar gas da ake sabuntawa duk shekara, ko binciken wayoyin lantarki na duk shekara 5. In haya kika zaɓa, su ma suna kanki. In da ɗaki ɗaya za ki ba wani a gidan da kike ciki kuna haɗa kicin da banɗaki, ba a bukatarta. 'Yan'uwa da ke Scotland kuma rajistarsu daban ce, kuma can takardar tana cikin rahoton gida da mai sayarwa yake shiryawa.

Ga yadda zan yi in gidan nawa ne. Zan gama ƙananan gyare-gyaren nan cikin mako biyu, in tara takardu a jaka ɗaya, sannan in kira mai aunawa in ce masa tun a waya: ka zo ka auna, amma kada ka shigar da takardar rajista sai ka nuna mini makin, ka kuma gwada mini a manhaja abin da zai kai ni 69. Yawancinmu muna yin haka, wasu da ɗan ƙarin kuɗi. In ya rage maki biyu ko uku, sau da yawa ƙarin auduga a rufi ko sabon abin saita zafi ya isa, ki yi aikin, ya dawo ya ga shaida, sannan ya shigar. In tazarar tana da yawa, to kin san kuɗin da ke gabanki a rubuce, kuma da wannan lissafin za ki zauna da maigida ku yanke ko haya ko sayarwa. Ki aiko mini da makin da jerin shawarwarin in sun fito, in duba miki wanda ya kamata ki fara da shi.